Tsohuwar na'urar CNC da ta daɗe a ajiye: ta ina ake fara tayar da ita?

"Assalamu alaikum Malam. Na sami tsohuwar na'urar CNC ta sassaƙa katako, wato irin wadda kwamfuta ke sarrafawa, mai filin aiki kamar santimita 60 da 90, wadda ta shekara huɗu a ajiye ba a kunna ta ba. Na share ta, na haɗa ta da tsohuwar kwamfutar da ta zo da ita, kuma tana motsi. Sai dai abubuwa uku sun hana ni sakat. Idan na yanka da'ira sai ta fito kamar ƙwai, zurfin yanka yana ƙaruwa da kansa a tsakiyar aiki, sannan wani lokaci da zarar na kunna sifindil, wato injin da ke juya bakin yanka, sai na'urar ta tsaya cak. Wani ya ba ni shawara in cire kayan wutar gaba ɗaya in sayi sababbi. Shin haka zan yi, ko akwai inda ya kamata in fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da na fahimta shi ne kana so ka san ko waɗannan matsaloli uku daga kayan wuta suke, har ya zama sauya su zai raba ka da su. A ganina ɗaya ce kawai daga cikinsu ta fi kama da matsalar wuta, ita ɗin ma ta yadda aka shimfiɗa wayoyi ce, sauran biyun kuwa a jikin ƙarfen na'urar suka fi zama. Idan ka fara da sayen sabon allon sarrafawa, an bar jaki ke nan ana dukan taiki, kuma za ka ƙara wa kanka sababbin abubuwan zargi a kan waɗanda ba ka riga ka gano ba. Tsarin da nake bi, wanda kuma nake ba ka shawara ka bi, shi ne ƙarfe da farko, waya a biye, lambobin saiti a ƙarshe.

Dalilin wannan jeri yana cikin yadda irin waɗannan na'urori suke aiki. Motocin lantarkin da ke jan ta, waɗanda ake kira sitefa, ba sa juyawa sakaka kamar fanka. Taku-taku suke tafiya, kuma mafi yawansu taku 200 ne ke cika zagaye ɗaya, wato digiri 1.8 kowane taku. Kwamfuta tana aika bugun lantarki, direba, wato na'urar wutar da ke tuƙa sitefa, yana mai da kowane bugu ya zama taku, sitefa ta juya sukuru, sukuru ya ja gada, wato ƙarfen da ya gitta na'urar yana ɗauke da sifindil, ko kan yanka. Babu abin da yake dawowa ya gaya wa kwamfuta cewa an isa inda aka aika. Ƙirge kawai take yi, ta ɗauka cewa duk takun da ta aika an yi shi. Saboda haka idan noti ya kwance, ko mahaɗin da ke tsakanin sitefa da sukuru ya zame, ko sitefa ta tsallake taku don nauyi ya yi mata yawa, lambobin da ke kan fuskar kwamfuta za su ci gaba da nuna komai lafiya alhali bakin yanka yana wani wuri dabam. Babu manhajar da za ta gyara abin da ba ta san ya faru ba.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya

Ka ɗauki hoton kowace waya a inda take shiga, ka manna mata takarda mai suna, ka kuma kwafe saitin da ke cikin tsohuwar kwamfutar ka adana shi a wani wuri. Wanda ya gina na'urar ya riga ya sha wahalar gano lambobi da yawa, kuma ko da wasunsu ba daidai suke ba, za su zame maka mafari. Bayan haka ka cire wuta gaba ɗaya, ka raba kowace sitefa da sukurunta, ka tura gada da hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ko ka juya sukurun da yatsu idan gadar ba ta turuwa. Hannunka zai gaya maka abin da kwamfuta ba za ta gaya maka ba: inda tafiya take sulɓi, inda take cijewa, da inda ake jin gargada kamar yashi ya shiga. Na'urar da ta yi aikin katako sannan aka ajiye ta shekara huɗu, kusan kullum za ka tarar ƙurar katako ta cakuɗe da tsohon giris ta daskare ta zama kamar ƙaro a bakin boris da cikin zaren sukuru. Wannan kaɗai ya isa ya sa sitefa ta riƙa tsallake taku.

Ka wanke reli da sukuru da kananzir da tsohon buroshi, ka goge su su bushe, sannan ka sa sabon giris mai lithiyam ta ramin da aka yi domin haka. Man fesawa na kwance tsatsa yana da amfani wajen wanki, amma ba ya zama a madadin giris. Gargaɗi ɗaya nake so ka riƙe da kyau: idan sukurunka irin mai ƙwallaye ne, kada ka juya notinsa har ya fita daga kan sukurun, domin ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke ciki za su zube, kuma mayar da su aiki ne na haƙuri da ba kowa ke cin nasararsa a karon farko ba. Haka nan keken da ke gudu a kan reli. Idan kuma na'urar a kan ƙafafun roba take gudu, ba a sa musu giris. Ana goge su ne, a matse notin saitinsu har ya zama kana iya juya ƙafar da yatsa da ɗan ƙarfi ba tare da ta yi lako-lako ba.

Da'irar da ta zama ƙwai

A nan zan daɗe, domin da'ira ita ce gwajin da ya fi kowane tona asirin na'ura, kuma siffar da ta fito da ita tana nuna inda ciwon yake. Ka yanka da'ira mai faɗin milimita 100, marar zurfi, a hankali, sannan ka auna ta da kalifa, wato ma'aunin faɗi mai muƙamuƙi biyu, ta fuska huɗu: hagu zuwa dama, gaba zuwa baya, da kuma gicciye biyu.

Idan ta fi tsawo daga hagu zuwa dama a kan gaba zuwa baya, ko akasin haka, to adadin taku na kowace milimita ne bai dace ba a ɗaya daga cikin layukan tafiya biyu, na hagu da dama ko na gaba da baya. Wannan lissafi ne mai sauƙi. Sukurun da aka fi samu a irin na'urarka shi ne mai lamba 1605, wato kaurinsa milimita 16, kuma kowane zagaye yana tafiyar milimita 5. Idan an saita direba ya raba kowane taku gida 8, zagaye ɗaya ya zama bugu 1,600, ka raba da 5 ka sami 320 a kowace milimita. Sukuru na T8 mai tafiyar milimita 8, da direba mai raba taku gida 16, yana ba da 400. Bel na GT2 a kan fuli mai haƙori 20 yana tafiyar milimita 40 a zagaye, wanda da rabon 16 ya zama 80. Ka duba ƙananan makunnan da ke jikin kowane direba, domin sau da yawa za ka ga an sauya direba ɗaya a baya an bar shi a rabo dabam da na sauran.

Idan kuma tsawon ƙwan a gicciye yake, layukan biyu suna tafiya daidai gwargwado amma ba su haɗu a kusurwa madaidaiciya ba, wato gadar ta karkace. Hanyar da nake tabbatar da haka ita ce in sa na'ura ta huda ƙananan ramuka huɗu a kusurwoyin murabba'i mai milimita 300 da 400, in sa ƙusa ko tsinken ƙarfe a kowane rami, in auna gicciye biyun. Kowanne ya kamata ya zama milimita 500. Bambancin milimita 1 tsakaninsu yana nufin karkata ta kusan milimita 0.8 a tsawon milimita 400, kuma wannan ya isa ya hana akwati haɗuwa. Maganinsa a sassauta notocin da suka ɗaure gada da ƙafafunta, a ɗan tura gefe ɗaya, a ɗaure, a sake gwadawa. Idan sitefa biyu ne ke jan gadar, ɗaya a kowane gefe, to tana iya karkacewa duk lokacin da aka kashe wuta, sai ka tanadi wani abin dogaro a ƙarshen reli da za ka riƙa jingina ta da shi kafin ka kunna.

Siffa ta uku ita ce wadda na fi zato a na'urar da ta tsufa. Da'irar za ta fito da ɗan tudu ko ɗan miƙaƙƙen wuri a sama da ƙasa ko a hagu da dama, daidai inda layi yake sauya alkibla. Wannan shi ne wasa: sukuru ya fara juyawa baya amma gada ba ta biyo shi nan take ba. Ana auna shi da agogon awo mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ka kafa agogon ya taɓa jikin kan yanka, ka matsa milimita 1 zuwa gare shi, ka mai da allurar sifili, ka ƙara matsawa milimita 1, sannan ka dawo milimita 1. Abin da ya rage tsakanin allura da sifili shi ne wasan. A aikin katako ina jure 0.05, amma idan ya kai 0.2 sai na nemo tushensa. Wurare uku ake dubawa: notin sukurun kansa, boris ɗin da ke riƙe ƙarshen sukuru don kada ya yi gaba da baya, da mahaɗin da ke tsakanin sitefa da sukuru. Mutane da yawa suna garzayawa su sayi sabon noti, alhali notin da ke matse boris na ƙarshe ne ya kwance, sukurun gaba ɗayansa yana zamewa.

Na taɓa shafe kusan mako biyu a kan wata na'ura da na sake ginawa, ina sauya lambobi ina rage gudu, kuskuren yana zuwa yau gobe ya ɓace. Ranar da na gano shi, alƙalami na ɗauka na ja layi ɗaya da ya ratsa sandar sitefa da mahaɗi da kan sukuru, na sa na'ura ta yi kai da komo sau hamsin. Da na duba, layin ya rabu biyu, rabin da ke kan mahaɗi ya goce da kamar kaurin farce. Ɗan ƙaramin notin da ke danne mahaɗi bai sauka a kan shafaffen gefen sandar ba, a kan zagayen ya sauka, yana riƙewa idan aiki ba nauyi, yana zamewa idan baki ya shiga katako. Tun daga ranar nake jan wannan layi a kowane mahaɗi, kuma shi nake fara dubawa kafin komai.

Wasu manhajoji suna da saitin rama wasa. Ina ganin amfaninsa kaɗan ne a na'urar sassaƙa, domin yana gyara lissafi ne kawai, gadar kuwa tana nan lako-lako, kuma bakin yanka zai ci gaba da fizgar ta cikin wannan tazara.

Zurfin da ke ƙaruwa da kansa

Abubuwa biyu ne suka fi jawo wannan, kuma raba su ba wuya. Da zarar ka ga zurfi ya ƙaru, ka tsayar da aiki, ka umarci na'ura ta koma sifilin sama da ƙasa, ka auna tsawon bakin da ya leƙo daga matsinsa, ka gwada da yadda ka ɗaure shi. Idan bakin ya ƙara tsawo, shi ne yake zamowa. Baki mai murɗi da ke fitar da ɓarɓashi sama yana jan kansa ƙasa cikin katako kamar sukuru, kuma idan kolet, wato matsin da ke riƙe baki, ya tsufa, ko ƙura ta cika tsagunsa, ko an sa baki mai milimita 6 a kolet na milimita 6.35, to sannu a hankali zai fito. Ka lura kuma cewa kolet irin na ER ana fara cusa shi ne cikin notinsa har ya yi ƙas, sannan a ɗaura a sifindil. Wanda ya sa shi a sifindil tukuna ya bi shi da noti ba zai sami riƙo ba, kuma yana iya lalata duka biyun.

Idan tsawon baki bai sauya ba, to layin sama da ƙasa ne ke asarar taku, kuma yana asarar ne a lokacin hawa, inda yake ɗauke da nauyin sifindil. Kowane hawa da ya gaza da ɗan kaɗan, saukar da ke biye za ta zarce da wannan kaɗan ɗin, a haka zurfi yake taruwa. Ka rage saurin tashin wannan layi zuwa rabi, ka tabbata sukurunsa a wanke yake, ka kuma duba ƙarfin wutar da aka saita wa direbansa ko ya dace da abin da aka rubuta a jikin sitefar. Sitefa takan yi zafi a aiki, wannan ba laifi ba ne, amma wadda take sanyi ƙalau tana kuma tsallake taku, wuta ce ba ta ishe ta ba.

Tsayawa idan an kunna sifindil

Wannan ita ce matsalar da ta shafi wuta. Sifindil irin mai zagaye 24,000 a minti yana aiki ne da inbata da ke sarrafa masa wuta har zuwa hez 400, kuma inbata tana yin haka ne ta hanyar kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa. Wannan yana watsa hayaniyar lantarki, wayoyin makunnan iyaka kuwa, wato makunnan da ke ƙarshen kowane layi masu tsayar da na'ura idan ta kai ƙarshe, da yake dogaye ne kuma siginarsu ƙarama ce, suna kama ta kamar eriya. Allon sarrafawa sai ya ɗauka gada ta bugi iyaka, ya tsayar da komai. Don ka tabbatar, ka kashe aikin makunnan iyaka na ɗan lokaci a cikin saiti, ka cire baki, ka sa na'ura ta yi tafiya a iska da sifindil a kunne, hannunka yana kan makunnin gaggawa. Idan ba ta tsaya ba, ka gano ɓarawon.

Gyaran na wayoyi ne. Wayar da ke tsakanin inbata da sifindil ta zama mai rigar saƙar ƙarfe, a haɗa rigar da ƙasa. Jikin sifindil, jikin na'ura, akwatin wuta da inbata duk su haɗu da wayar ƙasa a wuri guda. A wasu sifindil za ka tarar fil na huɗu na soket ɗinsu ba a haɗa shi da jikin ƙarfen ba daga ciki, don haka ka gwada da mita. Wayoyin sigina su bi hanya dabam da ta wayoyin ƙarfi, inda kuma dole su haɗu, su gitta juna maimakon su jera. Makunnan iyaka a haɗa su ta yadda a rufe suke kullum, buɗewa ce alamar an kai iyaka, domin wannan ya fi jure hayaniya, kuma idan waya ta tsinke na'ura za ta tsaya maimakon ta ci gaba a makance. Inbata tana riƙe wuta mai kisa a cikinta na wasu mintuna bayan an cire ta daga soket, saboda haka kada ka taɓa tashoshinta sai fitilarta ta mutu ka kuma auna. Abin da ya shafi babbar wutar gida da wayar ƙasa, idan ba sana'arka ba ce, ka kira mai aikin lantarki ya tsaya a kai. Kada kuma ka taɓa cire wayar sitefa alhali direba yana da wuta, domin haka ake ƙona direbobi. Idan har ka sauya inbata, ka saita ta a kan hez 400 da ƙarfin da aka rubuta a jikin sifindil kafin ka kunna, saboda da yawansu suna zuwa ne da saitin hez 50 ko 60, wanda zai iya ƙona sifindil cikin ɗan lokaci.

To, a sauya allon sarrafawa ko a bar shi?

Bayan ƙarfe da waya sun daidaita, sai wannan tambaya ta sami wurin zama. Tsohuwar kwamfutar da ka ambata, ina kyautata zaton ta tsohuwar kafar firinta mai fil 25 take magana da na'urar. Wannan tsari yana aiki, kuma muddin kwamfutar tana da lafiya babu gaggawar rabuwa da shi. Manhajar LinuxCNC, wadda ta samo asali daga wani aiki na hukumar ma'aunai ta Amurka, kyauta ce kuma har yanzu tana tafiyar da irin wannan kafa da kyau. Abin da ba ya aiki shi ne wayar da ke mai da USB ta zama kafar firinta, domin ba ta iya fitar da bugun taku a kan lokacinsa.

Idan kwamfutar ta fara ciwo, hanya mafi sauƙi ita ce manhajar GRBL, wadda Simen Svale Skogsrud ya fara a 2009, Sonny Jeon kuma ya ci gaba da raya ta. Tana zama a kan ƙaramin allon Arduino Uno, tana tafiyar da layi uku, ana aika mata aiki ta USB da manhajoji irin su Universal Gcode Sender ko Candle. Iyakarta bugu kusan 30,000 ne a daƙiƙa, kuma wannan yana da tasiri a kan zaɓin rabon taku. Da 320 a milimita za ka iya kaiwa kusan milimita 5,600 a minti, amma idan ka raba taku gida 32 a kan sukuru ɗaya ɗin, wato 1,280 a milimita, ba za ka wuce kusan 1,400 ba, kuma ba wani ƙarin daidaito na zahiri da za ka gani a katako. Rabon 8 ya wadatar. Wanda yake son layi na huɗu, ko yake son gada mai sitefa biyu ta riƙa miƙe kanta a kowace kunnawa, grblHAL ko FluidNC a kan alluna masu bit 32 sun fi dacewa da shi. Sitefa kuwa ba kasafai suke mutuwa ba. Ka gwada su da mita, ka ga wayoyinsu sun rabu gida biyu masu juriya iri ɗaya, ka bar su a wurinsu. Abin da ni zan sauya, idan na tarar da shi, shi ne tsohon allon nan da ya haɗe direbobi uku a wuri ɗaya, in sa direbobi masu zaman kansu irin DM542 da wuta mai volt 36 ko 48, domin bambancin laushin tafiya da ƙarfin ja a gudu abu ne da kunne ma yake ji.

A GRBL lambobin da za ka fi taɓawa kaɗan ne. $100 zuwa $102 su ne taku a milimita, $110 zuwa $112 iyakar gudu, $120 zuwa $122 saurin tashi, $130 zuwa $132 tsawon filin aiki, $22 kuma yana kunna komawa gida, wato na'ura ta nemo mafarinta ta hanyar makunnan iyaka. Wajen gudu da saurin tashi, ina ƙarawa ne kaɗan-kaɗan har sitefa ta yi ƙara ta cije, sannan in rage kamar kashi ɗaya cikin uku in tsaya a nan. Wajen taku a milimita, ka fara da lissafi, sannan ka umarci tafiyar milimita 300 ka auna. Idan ka sami 299.7, kana iya gyarawa: tsohuwar lamba sau 300, a raba da 299.7. Idan kuwa ka sami 296, kada ka gyara lamba, domin sukuru ba ya kuskure mai yawa haka, wani abu ne yake zamewa, ka koma wurin layin alƙalami. Kuma a duk wannan aiki abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta a littafi.

Miƙe sifindil da share shimfiɗa

Saura abu biyu kafin aiki na gaske. Allon MDF, wato na matsattsen garin katako, da ke shimfiɗe a ƙasa, wanda ake ɗaure aiki a kansa, ya sha danshi a shekarun ajiya, don haka ka sauya shi, ka sa faffaɗan baki ya share fuskarsa da zurfin rabin milimita. Bayan sharewa ka shafa tafin hannunka a kai. Idan ka ji ƙananan matakala tsakanin layi da layi, sifindil bai tsaya a miƙe ba. Matakalar da ta fito lokacin da baki ke tafiya hagu da dama tana nuna ya sunkuya gaba ko baya, wadda ta fito a tafiyar gaba da baya kuma tana nuna ya karkata gefe. Ana gyarawa da siririn falle na alminiyam da ake cusawa a bayan mariƙin sifindil, a auna da agogon awo da aka ɗaura a hannu mai zagayawa, sannan a sake share allon. Sifindil ɗin da ya daɗe a ajiye, ka bar shi ya yi ta juyawa a matsakaicin gudu na wasu mintuna kafin ka ba shi aiki, idan kuma mai sanyaya da ruwa ne, ka ga ruwa yana dawowa da idonka kafin ka kunna shi.

A yankan farko, yawancin masu farawa tsoro yana sa su tafi a hankali fiye da kima alhali sifindil yana kan iyakar gudunsa, sai baki ya riƙa goga maimakon yanka, ya yi zafi, ya dakushe, katako ya yi baƙi. Lissafin shi ne gudun tafiya ya zama zagaye a minti, sau yawan kaifin baki, sau kaurin abin da kowane kaifi zai ɗiba. Baki mai milimita 6 mai kaifi biyu, a zagaye 18,000, yana ɗibar 0.05, yana buƙatar tafiyar milimita 1,800 a minti. Idan na'urar ta yi kuka, zurfin yanka ake ragewa, a bar gudun. Ka duba abin da ke fitowa: ɓarɓashi mai siffa da za ka iya ɗauka da yatsa alama ce ta lafiya, gari mai laushi da ƙauri alama ce ta guga. Ka kuma cusa baki ciki gwargwadon iko, domin lanƙwasarsa tana ƙaruwa ne ninki takwas idan tsawon da ya leƙo ya ninka biyu.

Tun da a gida za ka yi aiki, ƙurar MDF abin kula ce ƙwarai, saboda laushinta da kuma gam ɗin da aka haɗa allon da shi. Ka sa injin zuƙar ƙura a bakin yanka, ka rufe hanci da abin tace numfashi na gaske, ka sa tabarau da abin toshe kunne, kada kuma ka sa safar hannu kusa da abin da ke juyawa. Makunnin gaggawa ya zama yana yanke wutar sifindil da ta direbobi kai tsaye, ba ta hanyar manhaja ba. Kada ka bar na'ura tana aiki ka fita, domin baki da ya maƙale yana juyawa a cikin ƙurar katako yana iya tayar da wuta cikin ɗan lokaci.

Duk abin da na faɗa a kan na'urar katako da roba ne, da alminiyam idan an bi a hankali da baki mai kaifi ɗaya. Baƙin ƙarfe ya fi ƙarfin gada irin wannan komai kyan gyaranta. Kuma daga nesa nake magana, agogon awo da kalifa ne za su yanke hukunci a kan taka na'urar. Idan ka yi gwaje-gwajen, ka aiko mini da awo huɗu na da'irar, da tsawon gicciye biyu na ramukan nan huɗu, da wasan da ka samu a kowane layi, tare da abin da aka rubuta a jikin direbobinka da sitefa, sai mu duba lambobin saitin tare.